Ɓeran da Kyanwa Ba Ta Kama Ba

Mijin yayata mai aski ne, amma in ka shiga layinsu kana tambayar shagon mai aski, za a nuna maka biyu ko uku. Ka ce wajen Alheri-ne kake nema kuwa, ko mai faci da ke bakin titi zai ɗaga haɓa ya nuna maka ƙofar. Bakinsa ne ya ja masa sunan. Ya yi shekaru yana fassara wa mutane mafarki kyauta, kansu na sunkuye a gabansa, kuma duk dabbar da ka kawo masa, daga tururuwa har giwa, amsar farko guda ce: "Alheri ne." Mutum ɗaya kawai ya yi wa fassarar da ta ci rai, ita ce matar da suke kwana ɗaki ɗaya. Yayata ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce autarsu, ni ce kuma mai baki a gidanmu, shi ya sa ba da labarin ya faɗo a kaina.

Shagon ɗan tsukuku ne. Kujera ɗaya mai juyawa wadda fatarta ta fashe har soso ya leƙo, madubi mai tsaga a kusurwa, bencin masu jira, da kanta inda yake jera injin aski, almakashi, mataji, reza da gwangwanin hoda. A bayan kujerar akwai ƙofa da labule. In ka ɗaga labulen ka faɗa falonsu, daga nan ɗakin kwana, sai ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Iyakar duniyar Yaya ke nan tun da aka kai ta. Babu namijin unguwar da ba ta share gashinsa ba, domin duk yadda mijin ya tattara, sai iska ta turo saura ta ƙarƙashin labule.

Ba ya tambayar kowa mafarkinsa. Mutum ne zai zauna, a ɗaura masa ƙyalle a wuya, inji ya fara kuka, can sai ya yi gyaran murya ya ce, "Wai ni kuwa, in mutum ya ga maciji..." Nan take mijin Yaya zai kashe inji. Wannan kashe injin shi ne rabin sana'ar. Zai dafa kafaɗar mutum, ya kalle shi ta madubi, ya shiga jero tambayoyi kamar alƙali: wane launi ne, ya nufo ka ko ya ba ka baya, a cikin gida ne ko a hanya, ka gudu ko ka tsaya? Ya san abinsa, wannan ba zan tauye masa ba. Ya haddace abin da na gaba suka ce a kan kowace dabba: doki ɗaukaka, zaki mai mulki, saniya shekara ce mai daɗi ko mai wuya gwargwadon ƙibarta, kare maƙiyi ne mai ƙaramin ƙarfi. Amma in ya gama tambayoyin, sai ya kama fassarar ya yi ta lanƙwasa ta har sai ta fuskanci alheri, ko da kuwa za ta karye.

Ina nan wata rana wani direban bas ya zo da fuska a murtuke, ya ce ya yi mafarki kunama ta harbe shi a tafin ƙafa. Mijin Yaya ya kashe inji, ya yi tambayoyinsa, sannan ya ce, "Alheri ne. Kunama ba ta samun ƙafar da ke naɗe a kan gado, sai ƙafar da ta fita nema. Hanya za ta buɗe maka." Direba ya fita yana washe baki, har ya manta hularsa.

Na leƙo ta labule na ce, "Mijin Yaya, in mutum ya yi mafarki kura ta cinye shi ɗungurungum fa?"

Ko juyowa bai yi ba. "Ya huta da biyan haya, Auta. Alheri ne."

Ba haka ya faro ba. Tun yana saurayi ya koyi aski a hannun wani tsoho, a wurinsa kuma ya tsinci fassara. Wata rana tsohon ya fita, wani mutum ya zauna ya ce ya ga baƙin kare ya fito daga cikin gidansu ya cije shi a hannu. Shi kuma sabon shiga, ilimi na cin sa, ya ce ai wannan a fili take, maƙiyinka yana cikin gidanku. Mutumin ya koma gida ya dubi kowa, idonsa ya tsaya a kan ƙaninsa. Daga ranar ba su sake gaisawa ba, har ƙanin ya rasu wan bai taka ƙofar ɗakinsa ba. Da tsohon ya ji abin da ya faru, ya ƙwala masa mataji a ƙeya ya ce, "Mafarki yana bin bakin da ya fara fassara shi. Kai ka saki karen nan." Mijin Yaya ya ɗauki maganar ya rataya a wuya. Ya yi rantsuwa mugun abu ba zai sake fita daga bakinsa ba, kuma ya cika.

Da a mafarki abin ya tsaya, da ba ni da ta cewa. Amma ya bi shi har cikin gida. Ba a kawo masa labari mara daɗi. Ka ce masa bango ya tsage, sai ya ce ka faɗi alheri ko ka yi shiru. Ka ce 'yarsa na zazzaɓi, sai ya ce kada ka kira ciwo da bakinka. Mutumin da ya wuni da reza a wuyan mutane, shi ba ya yarda magana mai kaifi ta taɓa shi. Gaskiyar masu magana ce, wanzami ba ya son jarfa. Ba mugu ba ne, kada a ji ni a karkace. Bai taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, bai taɓa shigowa gida hannu rabbana ba. Matsoraci ne kawai, tsoron nasa kuma ya yi masa ado da kyakkyawan zato har shi kansa ya daina gane shi.

Yaya kuwa ba ta mafarki. Wannan na sani kamar yunwar cikina, domin gado ɗaya muka tashi a kai. Ni in gari ya waye da labari nake tashi, an bi ni, na tashi sama, na faɗa rijiya. Ita sai ta yi miƙa ta ce, "Ni dai na rufe ido, na buɗe." Innarmu takan ce barcin Yaya kamar an ajiye dutse a ruwa ne.

To ku duba halin da na shiga lokacin da na je musu kwana biyu, ba a daɗe da aurensu ba. Da safe yana zaune a falo yana ɗiga wa inji mai, ta ajiye masa shayi, ta tsuguna a gefe ta ce, "Maigida, na yi mafarki." Saura kaɗan shayi ya sarƙe ni. Shi kuwa ya ajiye inji, ya goge hannu, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Ta ce ta ga kaza ta shiga ƙarƙashin gadonsu ta kwanta a kan ƙwai, an kore ta ta ƙi tashi. Ya tambayi launin kazar, ta ce fara. Fuskarsa ta yi haske. "Alheri ne, Uwargida. Ƙaruwa ce ke tafe gidan nan." Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ciki ne da ita, na 'yarsu guda da Allah ya ba su.

Na ritsa ta a kicin. "Yaya, yaushe kika fara mafarki?"

Ta ci gaba da wanke kofi. "Ranar da na gane mijina ba ya jin magana sai mai ƙafa huɗu."

"Kaza ai ƙafa biyu gare ta."

"To je ki gaya masa."

Muka yi dariya har muna riƙe ciki. Da ta lafa ta ce mini, "Auta, in na ce ina da magana, idonsa na kan labule, kunnensa na shago. In na ce na yi mafarki, sai ya ajiye komai ya kalli fuskata. Ke in ke ce, wacce ƙofa za ki bi?" Na ce ni bangon zan fasa. Ta ce shi ya sa ba a ba shi ni ba.

Haka suka yi ta tafiya shekara da shekaru. Wani lokaci saƙon ya isa, wani lokaci ya ɓace a hanya. Da rufin falo ya fara yoyo, ta yi mafarkin kifaye suna iyo a tsakanin kujeru. Ya ce kifi arziki ne, arzikin kuma har cikin ɗaki. Ta tara robobi ta ci gaba da tarar ruwa, har ranar da ɗigon ya ƙetara zuwa shago ya sauka a kan injinsa, a ranar ya kira kafinta. Irin wannan mukan mai da shi abin dariya in mun haɗu.

Wanda bai ba ni dariya ba shi ne na tantabara. Innarmu ta kwanta ciwo, Yaya na son zuwa ta gan ta, amma cewa "Inna ba lafiya" a gidan nan kamar kunna ashana ne kusa da fetur. Sai ta yi mafarkin tantabara an ɗaure mata ƙafa a jikin taga, tana ta kallon hanya. Ya ce tantabara aminci ce, an ɗaure ta ne don kada aminci ya bar gidansu. Da na ga shiru Yaya ba ta zo ba, na hau mota na je da kaina. Na tsaya a tsakiyar shago, mutum na kan kujera da rabin aski, na ce, "Innarmu na kwance rai a hannun Allah, na zo tafiya da 'yarta." Ya yi fari fat. Da hannunsa ya ɗauko mata jaka, ya raka mu tasha yana ta cewa, "Me ya hana ki faɗa, Uwargida? Me ya hana ki faɗa?"

A mota na ce mata, "Wannan hannunka-mai-sandan da kike yi, wata rana zai ci ki." Ta ce in rufa mata asiri, in ya gane mafarkan ƙirƙira ne, wannan ƙofar ma ta rufe, ba ta da wata. Muka samu Inna da sauran numfashi, ta gane ta, ta riƙe hannunta. Wannan ya sanyaya mini rai, na bar maganar.

Shekaru suka ja. 'Yarsu ta yi aure a wani gari, ni ma ina can nawa garin da nawa ɗawainiyar. Mukan yi waya da Yaya, kullum amsa ɗaya, lafiya lau, sai godiya. Abin da zan faɗa yanzu ban gan shi da idona ba, daga baya na ji shi, rabi a bakinta, rabi a bakinsa.

Tana wanka ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta ta hagu, ba ya ciwo, ba ya motsi. Wannan karon ta daure ta bi ta ƙofar gaba. Da safe ta ajiye shayi ta ce, "Maigida, ina jin wani abu a nan, kamar dutse." Ya zabura kamar an taka shi. "Subhanallahi! Uwargida, ki daina kiran ciwo da bakinki. Maruru ne, zai baje." Aka yi sallama a shago, ya ɗaga labule ya fita da sauri, ta ce ba ta taɓa ganin ya yi murna da zuwan mai neman aski irin ta ranar ba.

Sai ta koma tsohuwar hanyarta. Bayan ɗan lokaci ta ce masa ta yi mafarki ɓera ya shiga rigarta, ya samu wuri ta hagu ya lafe, ta kakkaɓe ya ƙi fita. Ya ajiye inji, ya kalle ta. Sannan ya ce, "Alheri ne. Ɓera ba ya zama gidan da babu hatsi. Wadata ce."

Da abin ya girma, ɓeran ma ya girma. Ta ce yanzu ya kai gafiya, kuma ya fara gaigayarta, tana jin haƙoransa. Ya ce wadatar ce ke ƙaruwa. Da ya bazu zuwa hammata, ta kawo mafarkin da ko jariri aka gaya wa zai gane. Ta ce gafiyar ta haihu, 'ya'yan sun bi ta hammata suna hawa, sai ga wani mutum mai farar riga da wuƙa a hannu, ya ce in an kawo ta wurinsa da wuri zai iya cire su. Mijin Yaya ya share gumi. Ya ce farar riga tsarki ce, wuƙa kuma yankewar wahala. Alheri ne.

Da yamma sai ga shi ya rufe shago da wuri, abin da ba ya yi, ya fita. Ya dawo rungume da kwali. Ya ajiye a tsakiyar falo ya buɗe, wata 'yar kyanwa mai toka-toka ta leƙo tana kuka. Ya ce, "Na ga gidan ya yi shiru tun da yarinyar nan ta tafi." Ya kuma bi lungu-lungu ya ɗana tarkon ɓera, bayan kabad, ƙarƙashin gado, gindin murhu. Yaya ta ce ta kalli kyanwar, ta kalli mijinta a durƙushe yana cusa tarko da gutsuren burodi, sai dariya ta kama ta. Ta yi ta yi har hawaye suka zubo, daga nan kuma ba ta san lokacin da dariyar ta ƙare hawayen suka ci gaba ba. Shi kuwa ya ɗauka murna ce.

Matar mai faci ce ta tona abin. Ta shigo aron dutsen guga, ta tarar Yaya na ƙoƙarin shanya, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa, ga tabo a gaban rigarta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta yafa mata mayafi ta sa ta a mota, daga asibiti ta kira ni.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Ta ce da an zo tun yana wuri ɗaya, da akwai abin yi. Ban bari ta ƙarasa ba na fita, don kada in fasa ihu a ofishin mutane.

Na shiga ɗakin da aka kwantar da Yaya da faɗa a bakina. Ta rame har zoben hannunta na yawo. Na ce, "Ba ki da waya ne? Ba ki da ƙanwa? Ko hanyar asibiti ce ta ɓace miki?"

"Na san hanya, Auta."

"To me kika zauna jira?"

Ta juya kai ta kalli bango. "So nake shi ya ce mu je. Sau ɗaya dai a rayuwata, in faɗa, ya ji, ya ɗauko mini mayafi." Sannan ta ƙara, "Kuma tsoro nake ji. In ya ce alheri ne, sai in samu na rufe ido a ranar. Kada ki ɗora masa duka, ni ma na sha daga randar nan."

Na ce wallahi yau sai na fita na gaya masa komai a gaban jama'a. Ta kama bakin zanena da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Ba yanzu ba. Bayan ba ni, in ya tambaye ki, ki gaya masa gaskiya. In bai tambaya ba, ki bar shi da abinsa."

Ya yi jinyarta, wannan ma ba zan tauye masa ba. Ya rufe shago, ya tare a bakin gadonta, shi ke ba ta ruwa a cokali. Da gashinta ya fara zuba, shi ya aske sauran da hannunsa, a hankali, kamar yana taɓa ƙwai. Kullum yana ce mata ta kusa tashi. Ita kuma tana gyaɗa masa kai. Ba ta sake ba shi mafarki ba, shi ma bai tambaya ba. Ta cika da rana tsaka, hannunta a cikin nasa.

Bayan masu gaisuwa sun watse, 'yarsu ta koma ɗakinta, na tsaya in kintsa kayan Yaya. Ina ta cin karo da tarkuna, duk a ɗane, burodin ya bushe ya zama dutse, ko ɗaya bai kama komai ba. Gidan Yaya ne, ina ɓera zai samu abin ci a ƙasa? Da hantsi na ɗaga labule na same shi a shago, ƙofar waje a rufe. Yana zaune a kujerar masu zuwa aski, inda ban taɓa ganin ya zauna ba, kyanwar na kan cinyarsa, ta zama ƙatuwa.

Ta madubi ya yi mini magana. "Auta, na san ɓera."

Na tsaya.

"Tun ranar farko na sani. Ɓera ɓarna ce a ɓoye, abin da ke ci ta ciki ba a gani. Haka aka koya mini. Da ta faɗa, tsoro ya kama ni. Na ce in na fassara shi yadda yake, na sake sakin kare, wannan karon a ɗakina. Sai na juya shi. Na yi sadaka a ɓoye, na kawo wannan." Ya shafa bayan kyanwar. "Bakin nan ya yi wa unguwa guda aiki. Direba, mai shayi, malamin makaranta, kowa ya dawo ya ce yadda na faɗa haka aka yi. Ita kaɗai ya ƙi. Ke da kuka tashi tare, gaya mini, wane irin mafarki ne wannan da ya ƙi bin baki?"

Ya tambaya. Na daɗe ina wasa wannan maganar a raina kamar wuƙa, amma da lokacin ya zo, sai ta fito a sanyaye.

"Ba mafarki ba ne, mijin Yaya. Yaya ba ta taɓa yin mafarki ba tun muna yara. Magana take yi maka."

Bai motsa ba. Kyanwar ta dira ta shige ƙarƙashin benci. Na san kalmar da ta saba fitowa tana neman hanya, amma ba ta fito ba.

Can ya ce, "Kazar?"

"Cikin 'yarku."

"Kifayen?"

"Rufin falo."

"Tantabarar... Inna."

"Ita."

"Mai farar riga." Wannan bai jira amsa ba. Ya rufe fuska da ƙyallen da yake ɗaura wa mutane a wuya. Na sha ganin maza na kuka, amma ban taɓa jin irin wannan ba, ba sauti, sai kujera ce ke ƙara. Duk haushin da na tara na neme shi na rasa. Na tsaya kawai riƙe da tarko a hannu kamar sakarya.

Da ya sauke ƙyallen ya ce akwai wani da ban sani ba. Bayan auren 'yarsu, ta ce ta ga tsofaffin jakuna biyu an sauke musu kaya, suna tsaye a inuwa, ɗaya ya ɗora haɓa a bayan ɗaya. Shi kuma ya ce mata abokin sana'a zai samu, shago zai bunƙasa. Na ce wannan ba ta gaya mini ba.

Ya ce, "Ba sai ta gaya miki ba. Wannan na gane da kaina, ni da ita ne." Ya dubi labulen da ke tsakanin shago da falo, taku biyu daga kujerarsa, ya daɗe yana kallo. Da-na-sani ƙeya ce, shi da ya ƙare rayuwarsa yana kallon ƙeyar mutane ya fi kowa sanin inda take.

Har yanzu yana aski. Sunan ma yana nan, suna ba ya jin kora. In mutum ya ce ya ga maciji, yana kashe inji kamar da, yana dafa kafaɗa, amma tambayoyin sun sauya. Ba ya tambayar launi. Sai ya ce, "A gida lafiya? Jikin naka fa? Akwai abin da kake son faɗa wa wani ka kasa?" Mutane ba sa son wannan. Sun zo a ba su alheri su tafi, ba a tona musu ciki ba. An ce baiwar ta gudu tun da matar ta rasu, bencin ma yanzu kyanwa ce ta fi zama a kai.

Zuwana na ƙarshe na same shi yana ɗiga wa inji mai, shayin da ya haɗa da kansa ya huce a kan kanta. Muka gaisa, na tsokane shi cewa furfura ta gama da shi, mai aski ya rasa mai yi masa. Ya yi ɗan murmushi. Sannan ya ajiye injin ya ce, "Auta, na yi mafarki."

Na zauna a benci.

"Yayarki nake gani. Tana ɗaga labule, da kofi a hannu, ta tsuguna a nan. Ba kaza, ba tsuntsu, ba komai, ita kaɗai. Tana magana, ina ganin bakinta na motsi. Amma inji na kuka a hannuna, ina ta laluben makunnin in kashe, na rasa inda yake. Kafin in samu, ta gama ta tashi." Ya goge hannu a wando. "Babu dabba a ciki, ban san ta inda zan kama shi ba. Ke me kika gani?"

Ni ce mai baki a gidanmu. Ni na ce zan fasa bango, ni na tsaya a tsakiyar shagon nan na faɗi abin da ba a faɗa. Na dubi tsohon nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana jira kamar yadda mutane suka yi ta jira a gabansa.

Na ce, "Alheri ne, mijin Yaya."

Ya kalle ni ta madubi. Ya san abin da na yi, ai sana'arsa ce. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ya gode, ya ɗauki shayinsa mai sanyi ya kurɓa.